Abin da Dillali Bai Taya Ba

Sati uku da rufe Baba a bayan cocin Reine,
na cire kwaɗon rumfarsa ta bakin teku.
Warin kwalta da ɗanyen katako ya tare ni a ƙofa,
kamar mai wurin ya ɗan zaga ne, yanzu zai dawo.

Ga gizago uku a rataye, babba da ƙannensa.
Ga zarto, haƙoransa saura kaɗan, kamar na mai shi.
Ga kurfi goma sha ɗaya cikin naɗin fata,
gurbin na sha biyu fayau:
ya faɗa ruwa shekarar da aka haife ni,
Baba bai taɓa ba wani ɗakinsa ba.

Torleif, yayana, ya kira daga Oslo:
"Gunvor, ke jinya kika iya, ni lissafi.
Wa zai sassaƙa jirgi a cikinmu?
Sayar kawai. Rufin gida yana yoyo."
Na so in yi fushi,
sai dai rufin yana yoyo.

Dillali ya zo daga Bergen da farar safar hannu.
Ya tsallake gizago, ya tsallake guduma,
ya tsaya cak kan wani ma'auni mai bakin tagulla
da ban taɓa ganin Baba ya ɗauka ba.
Ya karanta tambarin maƙerin, ya haɗiye yawu,
ya faɗi kuɗin da ya sa na nemi kujera.
"Amma kada ki kankare tsatsar," in ji shi,
"darajar a jikinta take."
Baba kuwa cewa yake tsatsa zagi ce,
ƙarfe ne ke zagin rago a gaban jama'a.

Matar gidan tarihi ta fi shi ladabi.
Ta yi alkawarin gilashi, da fitila, da kati
mai ɗauke da sunansa: Eilif, maginin jirage.
Na leƙa taga, na ga kifin da muke shanyawa kan katako,
dubu bisa dubu, baki buɗe:
siffa tana nan, iyo ya ƙare.

Yuni ne, rana ta ƙi faɗuwa, ni ma na ƙi kwanciya.
Na sauke babban gizago, na riƙe ƙotarsa.
Akwai kwarmin da babban yatsansa ya ci a jiki,
shekara hamsin yana ci.
Na sa nawa. Ya yi masa yawa.
Gado ba takalmi ba ne, amma shi ma yana da lamba.

Da safe na ji ƙwas, ƙwas, daga bakin gaɓa.
Ingunn ce, 'yar maƙwabta, shekara sha tara,
tana fama da haƙarƙarin tsohon kwalekwale
da kurfin kanti, dakusasshe kamar cokali.
Tana sara, tana tsaki, tana sake sara.
Na tsaya kallo har shayina ya huce.

Ma'aunin tagulla ya bi dillali, da tsatsarsa da komai.
An ɗinke rufi. Torleif ya samu rabonsa.
Gidan tarihi na ba su hoto, da zarton da ya gaji,
shi ya cancanci hutu.
Sauran na tura wa Ingunn a baro,
da sharaɗi guda: in za su karye, su karye a bakin aiki.
Na ce ta bar gurbin na sha biyu yadda yake.
Jiya na ga ta soke fensir a ciki.
Na buɗe baki, na rufe.

Abu ɗaya ba wanda ya taya:
dutsen wasa wuƙa, baƙi, tsawon tafin hannu.
Tsakiyarsa ta lotsa, gefensa biyu sun ɗaga,
gaba da baya, kamar kwalekwale.
Shi ne jirgin da Baba ya fi daɗewa yana sassaƙawa
bai sani ba.

Yana kan tagar kicin ɗina yanzu.
Ran Asabar nakan ɗiga masa ruwa,
in wasa wuƙar burodi, ko ba ta dakushe ba.